Daga Katsina zuwa kurmi da kyamara: yadda ake shirya tafiyar ɗaukar hoton namun daji

Tambayar da abokan sana'a na Katsina da Daura suka fi turo mani a kan hoton namun daji ita ce wace kyamara za su saya. Tambayar na da muhimmanci, amma ita ce ta huɗu a jeri. Wanda ya goge a ɗaukar hawan sallah a filin Kangiwa ko bikin Gani a Daura ya saba da haske mai yawa, abin da yake gudu kawai ƙura ce. A kurmi lamarin ya juye. Hasken da ke ratsa ganye ya iso ƙasa bai wuce kashi 2 cikin 100 na hasken rana ba, ga kuma laima da ke shiga kaya ko a cikin jaka suke. Ruwan da Katsina ke samu a shekara yana tsakanin milimita 600 da 700, na tsaunukan Oban a Kuros Riba kuwa ya haura 3,000. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan abubuwa biyu aka gina su.

1. Zaɓi dajin kafin komai

Kada ka fara da kurmi mai duhu. Fara da Yankari a jihar Bauchi: daga Kano ka bi ta Ningi zuwa Bauchi, ka kama hanyar Gombe, ka karya a Dindima. Daji ne mai sarari, akwai masauki a Wikki, kuma gwaggon biri da mugun dawa har bakin ɗaki suke zuwa. A nan za ka koyi bin dabba da dogon madubi, wato gilashin gaban kyamara mai jawo nesa kusa, ba tare da duhu ya dame ka ba. Mai son tsuntsaye kuma yana da Dagona a fadamar Hadeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu.

Bayan nan sai Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa. Shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, ya fi murabba'in kilomita 6,000, ofishinsa yana Serti. Bayan Yankari shi nake ba Bakatsine shawara, don ya haɗa fili da kurmin bakin rafi da tsauni, har da Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419, kuma Hausa da Fulatanci suna ci a can. Akwai bauna, dorina, biri mai roro, da biri mai ganga, wanda aka fi jin kukansa a kan ganinsa.

Kurmi na ainihi yana Kuros Riba: gandun ƙasa mai sassa biyu, Oban da Okwangwo, da ofishi a Akamkpa, sai tsaunin Afi a ƙasar Boki, kusa da hanyar Ikom zuwa Obudu. A Afi akwai wurin da ake kiwon biran diril masu baƙar fuska a cikin shinge a tsakiyar kurmi. Akwai kuma Okomu a jihar Edo.

Hattara: kada ka kashe kuɗinka da niyyar ɗaukar gorilar Kuros Riba. Ba su kai 300 ba a duniya, suna gudun mutum ƙwarai, kuma hotunansu da 'ya'yansu da suka zagaya duniya a 2020 kyamarar da aka ɗaure a bishiya ce ta ɗauka a tsaunin Mbe, babu mutum a bayanta. Haka nan dazuzzukanmu na kusa, irin su Rugu, ba sai na gaya wa mutumin Katsina dalilin da ba sa cikin lissafi ba.

2. Daidaita lokaci

Disamba zuwa Maris ne lokacin Gashaka. Da damina koguna suna cika su yanke hanya, ciyawa ta fi mutum tsawo. A Yankari, gwargwadon yadda rani ya yi nisa haka dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji, don haka Fabrairu zuwa Afrilu ya fi, in za ka jure zafi. Kuros Riba kuma Disamba zuwa Fabrairu ne ruwa ke sassautawa, ba wai ya ɗauke gaba ɗaya ba.

Hazon hunturu yana kashe hoton tsauni, komai ya koma toka-toka. Idan tsaunuka ne burinka, ka nufi ƙarshen damina ko bayan ruwan farko ya wanke sama. Ga hoton fuskar mutum ko na biri a kusa kuwa, hazo alheri ne, don yana tausasa haske.

3. Izini da takarda

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi jefa mutum cikin wahala. Gandun daji na ƙasa suna ƙarƙashin hukumar tarayya mai ofishi a Abuja, Yankari kuwa na gwamnatin Bauchi ne. Ka tuntuɓi ofishin gandun da za ka je tun da sauran makonni. Ka faɗi ranar zuwanka, yawan kwanakinka, kayan da ke hannunka, da ko hoton na sha'awa ne ko na sayarwa, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Ka tambaye su halin tsaro na wannan makon, ba na bara ba. Ka nemi a rubuta maka takarda, ka yi mata kwafi uku, ka haɗa da katin ɗan ƙasa da katin ƙungiyar masu hoto in kana da shi.

Jirgi marar matuƙi ka bar shi gida, sai in kana da lasisin hukumar kula da sufurin jiragen sama da amincewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. In babu su, a shingen farko za a karɓe shi.

Hattara: ɗan Arewa da doguwar jaka a bakin daji a Kudu abin zargi ne ga wanda bai san shi ba. Ka tuna kisan da aka yi wa mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025. Kada ka shiga ƙauye ko daji kai kaɗai. Ka fara isa ofishin gandun, jami'insu ya raka ka wurin mai gari. A Kalaba ka leƙa unguwar Bogobiri, a sauran garuruwa ka nemi sarkin Hausawa, a san da zuwanka. Kakin soja mai dabbare-dabbare kuwa, irin wanda kake gani a jikin masu hoton ƙasashen waje, farar hula ba ya sa shi a Najeriya. Ko hula ce ka bar ta.

4. Kayan aiki

In kuɗi bai kai ba, ka rage a jikin kyamara ka zuba a madubi. Kyamara ta hannu irin Nikon D7200 ko Canon 80D ta isa, har ma tana da wata fa'ida: farantinta na ciki mai karɓar hoto ƙarami ne, madubin 300mm yana jawo abu kamar 450mm ko 480mm. Kafin ka biya, ka duba adadin hotunan da aka ɗauka da ita, ka cire madubin ka haska tocilar waya ta ciki. In ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ka ajiye masu abinsu ko da sun karya farashi.

Madubi uku ake bukata. Dogo, 70-300mm ga mai farawa ko 100-400mm ga mai hali. Akwai 150-600mm da samari ke sha'awa. Yana da kyau a Yankari da Dagona, amma nauyinsa ya kusa kilo 2 kuma ba ya shigar da haske sosai, a kurmi wahalarsa ta fi amfaninsa. Na biyu 35mm ko 50mm mai buɗewa har f/1.8, na mutane da cikin ɗaki. Na uku mai faɗi, wanda ya zo da kyamarar ma ya wadatar, don manyan bishiyoyi da rafi. In da sauran canji, ƙara madubin ɗaukar ƙananan halittu. A kurmi za ka yini ba ka ga biri ba, amma malam-buɗe-littafi da kwaɗi da hawainiya ba sa yankewa.

Sauran kuwa: batir uku ko huɗu, fawa banki babba, memori da yawa matsakaita maimakon babba guda ɗaya, sandar ɗora kyamara mai ƙafa ɗaya don tafiya cikin sarƙaƙiya, mai ƙafa uku don hoton rafi, robar busa ƙura, ƙyallen goge madubi, tocilan goshi, lema ƙarama, ledoji masu zif, da bokitin roba mai murfi da ke rufewa gam. Sai silika, 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ka tara da yawa ko ka sayi babban ƙunshi. Farantin sola ƙarami ba ya caji a ƙarƙashin inuwar kurmi, kada ka dogara da shi.

5. Lissafin kuɗi

Farashi yana canzawa da kuɗin mai, don haka ka karɓi na yau daga bakin ofishin gandun. Abin da ba ya canzawa shi ne jerin abin da za ka biya: mota zuwa da dawowa, kuɗin shiga, kuɗin kyamara, jami'in rakiya a kowace rana, ɗan jagora na ƙauye, 'yan dako in za a hau tsauni, ɗan acaɓa ko motar da za ta shiga da kai ciki, masauki, abinci naka da na masu rakiyarka, da ɗan abin gaisuwar mai gari. Sufuri ne ke cin kaso mafi tsoka, musamman na cikin daji, shi ya sa tafiyar mutum uku ta fi ta mutum ɗaya sauƙi nesa ba kusa ba. Fiye da huɗu kuma hayaniya ce, dabba ba za ta tsaya ba.

Bayan ka gama lissafi ka ƙara kashi ɗaya cikin uku, na lalacewar mota da ƙarin kwana. Ka riƙe tsabar kuɗi ƙanana, a raba su gida biyu a jikinka da jaka, don da zarar ka bar babban gari ba sabis balle mai POS. Ka yanke ciniki da ɗan jagora tun kafin a ɗaga ƙafa: nawa a rana, wa zai ciyar da wa.

6. Jiki, sutura da guzuri

Allurar shawara a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ka ga likita kan maganin zazzaɓin cizon sauro, ka tafi da gidan sauro, garin gishiri da sukari na gudawa, da ƙwayar tsabtace ruwa.

Sutura mai dogon hannu, ruwan ƙasa ko koren da ya dushe. Shuɗi da baƙi suna jawo tsando, kuma akwai shi a Gashaka da Yankari. Farar shadda a bar ta sai an dawo sallar Juma'a. Takalmin ruwa na roba ya fi kowane takalmi mai tsada, ka cusa ƙafar wando cikin safa saboda kwarkwasa da kaska, ka zazzage takalmin kowace safiya kafin ka sa.

Hattara: maganin shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET yana narkar da roba. Ka wanke tafin hannunka kafin ka taɓa kyamara.

Guzuri kuma namu ne ya fi dacewa: kilishi, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino, shayi da madarar gari. A ƙauyukan Kuros Riba naman daji ake yawan sawa a miya, ka tsaya a kifi da doya da ayaba in kana kokwanton yanka. Kilishi ka ƙulle shi a leda mai zif, laima na sa shi fumfuna cikin 'yan kwanaki.

7. Hanya

Zuwa Serti: Katsina, Kano, Gombe, Numan, Jalingo, Bali. Ka ba ta kwana biyu, ka kwana a Gombe ko Jalingo. Zuwa Kuros Riba ko dai jirgi ta Abuja zuwa Kalaba, ko mota ta Makurdi da Gboko a faɗa Obudu. Ba tafiyar dare. Jakar kyamara a cinyarka take zama, ba a but ba, ba a saman mota ba. A shingen jami'an tsaro ko kan gada kada ka fito da ita.

8. Saita kyamara don duhu

Nan ne gwanin biki ke komawa ɗan koyo. Ka sa kyamara ta ɗauka a tsarin RAW, don ka iya gyara inuwa da launi daga baya. Ka buɗe ƙofar haske iyakarta, f/4 ko f/5.6, duk abin da madubin ya bayar. Saurin ƙiftawa kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa ga biri mai motsi. Tsuntsu a sama yana son 1/1600 zuwa 1/2000. Dabbar da ke zaune shiru za ka iya sauka zuwa 1/250 in ka dogara da sanda ko ka jingina da bishiya. ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ka bar shi ya hau da kansa har 3200, ko 6400 in ta kama.

Mu nan an koya mana tsoron ISO mai yawa saboda amarya ba ta son yashi-yashi a fuskarta. A kurmi ka ajiye wannan tsoron. Hoto mai yashi ana rage masa a kwamfuta, wanda ya girgiza kuwa sai sharewa.

Ka zaɓi ɗigon saiti guda ɗaya ka ɗora shi a idon dabbar. In ka bar kyamara ta zaɓa, ganyen da ke gaba za ta kama. Biri a saman bishiya da farin sama a bayansa zai fito baƙi ƙirin, sai ka ƙara haske da +1 ko +2. Mafi kyau ma ka zagaya har ganye ya zama bayansa. Ka kashe ƙarar kyamara, ka sa ta ɗauki hotuna a jere in ka danna.

Rana tsaka ita ce mafi muni a kurmi, don haske na faɗowa ɗigo-ɗigo, wani wuri ya ƙone wani ya yi duhu. Ranar hadari ko bayan an ɗauke ruwa ne kore ke fitowa sosai. Don hoton rafi da bishiyoyi, kafa mai ƙafa uku, ISO 100, f/8 zuwa f/11, ka ɗaura gilashin kashe ƙyalli. Yana rage haske, saboda haka ka cire shi kafin ka koma kan dabbobi. Ka tsayar da ɗan jagora a gindin babbar bishiya, in ba haka ba mai kallo ba zai gane girmanta ba.

9. Tunkarar dabba

Da an idar da sallar asuba a kama hanya. Daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, su ne lokutan motsi. Ɗan jagora a gaba, kai a baya, magana da hannu. A kurmi kunne ke riga ido: karyewar reshe, faɗowar 'ya'yan itace, kukan cilakowa. In an sami ɓaure ko wata bishiya mai nunannun 'ya'ya, zama a gindinta awa biyu ya fi yawon kilomita goma. Ba turare, ba sigari, waya a kashe mata ƙara.

Ka durƙusa ka daidaita da idon dabba in tana ƙasa. Ka fara ɗauka daga nesa, sannan ka matsa kaɗan-kaɗan, ba kai tsaye ba. Da ta daina ci ta zuba maka ido, ka tsaya.

Hattara: kada ka shiga tsakanin dorina da ruwa, ko tsakanin giwa da ɗanta. Bauna da ke ita kaɗai ta fi garke haɗari. Biri mai ganga yana kamuwa da murar mutum, har ta kashe shi. Ka bar tazarar mita 10, ka sa takunkumi, in kana tari ka zauna a sansani. Ba a haska wa dabba filasha, ba a jefa mata abinci don ta matso. Gwaggon birin Wikki kuwa ya san jaka sarai, kada ka ajiye taka ka juya baya.

10. Hoton mutane

Gaisuwa tukuna, kyamara na cikin jaka. A rugar Fulani da ke kan tsaunukan Gashaka ka fara da arɗo ko maigida, ka zauna, ka sha abin da aka miƙo. Mata ba a ɗaukarsu sai da yardarsu da ta mazajensu, yara sai iyaye sun ce to. Wannan mun san shi a gida, sai dai wasu in sun bar gida sukan manta. Akwai makiyayin da ba ya son a ɗauki shanunsa, ka tambaya.

A ƙasar Boki da Ejagham ɗan jagora ne bakinka, ko Turancin buroka in kana ji. Akwai dodannin ƙungiyar Ekpe da wuraren tsafi da baƙo ba ya ɗauka. In an ce a'a, kada ka saci hoto daga nesa da dogon madubi, don za a gani, kuma ɗan jagoran ne zai zauna da rigimar bayan ka tafi. Sassaƙaƙƙun duwatsun Alok kusa da Ikom suna da mai kula da su, ta hannunsa ake bi.

Ka yi amfani da gajeren madubi, ka matso. Ka tsayar da mutum a bakin ƙofa ko inuwar rumfa, haske na zuwa ta gefe. Wanda ke aiki, mai shanya koko ko mai tatsar nono, ka bar shi ya ci gaba da aikinsa, kada ka jera shi kamar hoton fasfo. Ka nuna masa hoton a bayan kyamara, ka gaya masa inda za ka sa shi. In na sayarwa ne ko talla, ka faɗa a fili, a rubuta yarjejeniya, a biya. Raba wa yara kuɗi don su tsaya kuwa ɓata wuri ne ga wanda zai zo bayanka. Wanke hoton a aika ta hannun ɗan jagora ya fi wannan daraja.

11. Kula da kaya kowane dare

Da ka dawo sansani, goge jikin kyamara da busasshen ƙyalle, ka zuƙo madubin zum ka goge shi kafin ka mayar. Ka zuba su a bokitin nan mai murfi tare da silika. Jakar yadi tana shan laima, kada su kwana a cikinta. In silika ta jiƙe, ka ɗumama ta a tukunya a wuta kaɗan, za ta dawo aiki. Shinkafa da ake yawan faɗa ba ta tsinana abin kirki, sai ma ta bar gari a cikin kaya.

In ka kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki a Kalaba ko Ikom, kyamara mai sanyi za ta yi gumi ciki da waje da zarar ta fita. Ka rufe ta a leda tun a ɗaki, ka fito da ita, ka jira minti 20 zuwa 30 kafin ka buɗe. In ta faɗa ruwa, cire batir nan take, kada ka kunna don gwaji.

Kowane dare ka kwafe hotuna zuwa waya ko faifan ajiya, amma kada ka goge memorin. Wanda ya cika ka sa shi a aljihun da ba ya rabuwa da kai. Ka rubuta sunan wuri da na dabba da na mutanen da ka ɗauka tun kana tune.

12. Bayan an dawo

Busasshiyar iskar Katsina ita ce maganin laima. Ka buɗe murafan madubai, ka baje kaya a inuwa cikin ɗaki mai iska na kwana biyu, da siririn yadi a kansu saboda ƙura. Bayan wata ɗaya ka sake haska tocila cikin kowane madubi. In zazzaɓi ya kama ka, ka gaya wa likita dajin da ka je da irin ƙudan da ya cije ka.

Wajen gyara kada ka cika launi har kore ya koma na fenti. In a cikin shinge ka ɗauki dabba, kamar diril na Afi, ka rubuta hakan a ƙarƙashin hoton. Kafin ka ɗora hoton giwa ko sheƙar aku a Facebook ko Instagram, ka goge bayanin GPS da ke maƙale da shi, mai nuna daidai inda aka ɗauka, ka ambaci sunan gandun kawai ba rafin ko ƙauyen ba, don masu farautar hauren giwa da masu kama aku su ma suna da waya.